Kifin Arvo Kemppainen

A farkon watan Disamba hukumar Kwalejin Port Sable ta sanar cewa za ta rufe ƙungiyar hokin ƙanƙara ta makarantar idan kakar bana ta ƙare. Sanarwar ba ta da tsawo. Ta gode wa magoya baya, ta kuma ce za a mayar da zauren wasan wurin ajiye motocin kwashe dusar ƙanƙara. Kafin ɗalibai su dawo daga hutun Kirsimeti, duk 'yan wasan da suka iya ci sun sami wasu makarantu a kudu sun tafi. Waɗanda suka rage yawancinsu yaran garinmu ne da na ƙauyukan bakin tafki, waɗanda babu wanda ya nema.

Tun daga lokacin ƙungiyar ba ta ci ko ɗaya a gida ba. Ba maganar nasara ake yi ba. Faifan da ake bugawa da sanda a madadin ƙwallo ne bai ƙara shiga ragar baƙi a kan ƙanƙararmu ba.

Babu wanda abin ya dama kamar Arvo Kemppainen, domin shi ne mai jefa kifi.

Al'adar ta girmi zauren kansa. Idan 'yan Port Sable suka yi cin farko a wasan gida, jar fitila ta kama a bayan raga, ƙaho ya ɗauka, sai a wurgo kifi daga kujerun sama ya faɗi kan ƙanƙara. Kifi ɗaya, sau ɗaya a wasa, kuma dole ya sauka kafin ƙahon ya yi shiru. Hukumar gasar ta hana jefa komai cikin fili, amma ta ɗaga wa wannan kifin ƙafa, da sharaɗin a kan cin farko kaɗai. Arvo ya gaji aikin daga kawunsa tun yana saurayi, lokacin da yake aiki a jiragen ruwa masu dakon ƙarfe. Yanzu ya haura saba'in, kafaɗarsa ta dama tana ƙara idan ya ɗaga hannu, amma ƙaho bai taɓa yin shiru kifinsa yana sama ba.

Wanda yake ɗauke da shi a wannan hunturu farin kifi ne da ya kama da kansa ta ramin da ya huda a ƙanƙarar da ta rufe tafki a farkon Janairu. A wurinsa, kifin da ya riga ya shiga zaure ba a canza shi, ko a jefa shi ko a koma da shi. Haka ya yi ta zuwa da shi a naɗe cikin jarida a ƙarƙashin kwat ɗinsa, ya narke a jikinsa, ya koma da shi gida ya sake daskarewa. Zuwa ƙarshen Fabrairu warin kifin ya fara riga shi shiga wuri.

Wasan ƙarshe ya faɗo ranar Lahadi da rana. Da suka dawo daga coci, matarsa Verna ta same shi a gareji yana sake wa kifin jarida.

"Kai da abin nan ku fitar min daga gida yau," in ji ta. "Jiya kyanwar maƙwabta ta leƙo garejin nan, ta juya da gudu."

"Yau zai tafi."

"Haka ka ce wancan makon."

"Wancan makon akwai wani makon a gabansa. Yau babu."

Verna ta tsaya tana kallonsa yana ƙulle jaridar da zare. Ta daina zuwa kallon wasa tun da gwiwoyinta suka ƙi hawa matakala, amma sai ta shiga ciki ta ɗauko gyalenta mai launin ƙungiyar, kore da fari.

"Ka buɗe tagar mota," ta ce. "Gara sanyi ya kashe ni."

Zauren ya cika, abin da ba a gani ba duk bana. Ɗalibai ba su da yawa. Tsofaffi ne, da mutanen da suka tuƙo daga nesa da 'ya'yansu don su ce sun gani. Baƙin kuwa 'yan wata babbar jami'a ce daga kudu, su ne a saman teburin gasar, kuma ba su da abin da za su rasa ko su samu a Port Sable.

Gerry Thibault, mai askin garin, yana zaune a kujerarsa ta kullum kusa da ta Arvo. Tun daga ƙasan matakala ya hango su ya toshe hanci.

"Ga ango da amarya!" ya ɗaga murya. "Verna, ba ke nake nufi ba, ta cikin kwat ɗin. Mutumina, amaryar nan taka ta taɓa ganin ruwa kuwa?"

"A ruwa aka haife ta," in ji Arvo. "Kai fa?"

"Matso can, don Allah. Idan yaran nan ba su ci yau ba, ni zan shiga da kaina in ci, don kawai in sha iska."

"Da wace ƙafar? Kai da ko ƙofar shagonka ba ka iya sharewa sai ka faɗi."

Gerry ya yi dariya, sannan ya rage murya. "Tsakani da Allah, kana ganin za su ci?"

Arvo ya dubi yaran suna zagaye kan ƙanƙara suna ɗumama jiki. "Ɗaya nake nema," ya ce. "Ban ce su yi nasara ba."

Zangon farko ya ƙare babu ci, kuma aikin golanmu ne kaɗai. Baƙin sun yi ta harbi kamar masu atisaye. Namu da ƙyar suke tsallaka rabin fili, idan sun tsallaka kuma sai su rasa wanda za su miƙa wa. Arvo bai cire hannunsa daga cikin kwat ba.

A tsakiyar zango na biyu aka sami cinkoso a bakin ragar baƙi. Golansu ya tare harbi, faifan ya kuɓuce masa, mutane suka faɗa kan juna. Nolan Saarela, ɗan matar da ke raba mana wasiƙu, ya kutsa cikinsu. Daga kujerun sama babu wanda ya ga abin da ya faru a ƙasa. Jar fitila dai ta kama, ƙaho ya ɗauka.

Arvo ya miƙe. Ya tsinke zaren, ya kama kifin ta wutsiya, ya juya shi sau ɗaya a sama ya sake. Kifin ya wuce kan mutane, ya tsallake gilashin da ya kewaye fili, ya faɗi kusa da tsakiyar fili ya fashe. Ƙahon bai yi shiru ba tukuna.

Zauren ya kaure. Gerry ya rungume shi yana dukan bayansa. "Shegen tsoho! Ka ga hannu! Ka ga hannu!" Mutanen layin ƙasa suna juyowa suna miƙo masa hannu. Verna ba ta tashi ba, amma ta riƙe gefen kwat ɗinsa.

Ita ce ta fara lura. "Arvo," ta ce, "alƙalin bai nuna raga ba."

Alƙalin wasa ya sulala zuwa gefen fili, ya sa abin ji a kunne, ya duƙa kan ƙaramin allo. A shekarun baya-bayan nan aka kawo duba bidiyo. Lokacin da aka kafa al'adar kifi, fitila idan ta kama magana ta ƙare. Ihun ya ragu, ya koma gunaguni. Da alƙalin ya dawo tsakiya sai ya baza hannuwansa biyu: babu ci. Nolan da ƙafa ya shura faifan cikin raga, ba da sanda ba.

Kocin baƙi ya hau kan benci yana nuna kifin yana magana. Alƙalin ya dubi kifin, ya dubi kujerun sama, ya ɗan jima. Sannan ya je wurin mai sanarwa. Aka faɗa ta lasifika: horon minti biyu a kan Port Sable, saboda 'yan kallo sun jefa abu cikin fili ba a kan ci ba.

"Haba alƙali!" Gerry ya kwarma ihu. "Fitilarku ce ta kama! Ƙahonku ne ya busa! Makaho kawai! Zo shagona in aske maka girar da ta rufe maka ido!"

Arvo ya zauna. Ya ga Wendell, mai tuƙa motar goge ƙanƙara, ya shigo da shebur da bokiti yana kwashe abin da ya warwatsu. Laifin 'yan kallo dole wani ɗan wasa ya zauna a kejin horo a madadinsu, kuma Nolan koci ya tura. Namu suka ragu da mutum ɗaya. Kafin minti biyun su cika baƙi sun ci. Kafin zangon ya ƙare sun ƙara.

Waɗanda suka miƙo wa Arvo hannu ɗazu sun mai da idonsu kan fili.

Da aka tafi hutu ya sauka matakala yana dafe ƙarfe, ya zagaya bayan zaure inda ake ajiye motar. Wendell yana zuba mata ruwan zafi.

"Ina kifina?"

"Kawu Arvo, ai ba kifi ba ne kuma. Kan kifin ne da ƙaya kawai, sauran duk ya zama kunu."

"Ba ni kan."

Wendell ya nuna ramin da ake zuba gogaggiyar ƙanƙara ta narke. Ruwa ne mai tururi yana gangarawa cikin bututu. "Da na san za ka zo, da na ajiye maka. Ka yi haƙuri. Warin ne ya hana ma'aikata tsayawa."

Arvo ya leƙa ramin, ya juya.

Ya tarar da Verna ta sauko har bakin matakala, jakarta a hannu.

"Akwai farin kifi a firizata," ta ce. "Na miyar Talata. Gerry ya kai ni, mu haye gada mu dawo. Ba a yi cin farko ba har yanzu, ko ba haka dokar take ba? Kana da damarka."

Gerry ya sosa ƙeya. "Ni ban ƙi ba. Amma sai mun tono motata daga dusar ƙanƙara tukuna, kuma zango na uku zai wuce mu. Mutumina, kai za ka faɗa."

Arvo ya dubi allon sakamako. Ya dubi gwiwoyin matarsa, da matakalar da za ta sake hawa. Ta ƙofar da ke buɗe ana hango yaranmu suna komawa benci, kowa kansa a ƙasa, ɗaya yana jan ƙafa.

"Bari," ya ce. "Ku zauna ku kalli na ƙarshe. Ba za su ci ba."

"Ka tabbata?" in ji Verna.

"Tun Janairu nake kallonsu. Da ƙafa ma da ƙyar suka shigar da shi."

Suka koma kujerunsu.

Zango na uku ya tafi yadda ya ce. Baƙi suka ƙara ɗaya, sannan suka sassauta, suka saki 'yan benci su ma su taɓa. Masu ƙananan yara suka fara tattara kaya. Gerry ya daina zagin alƙali.

Wasa ya kusa tashi sai wani mai tsaron bayan baƙi ya zame a layin tsakiya. Faifan ya tsaya a gaban Nolan Saarela, babu kowa tsakaninsa da gola. Bai yi wata dabara ba. Ya ɗan matsa gaba, ya ɗaga sanda ya buga. Faifan ya wuce ta saman kafaɗar golan ya daki raga ta ciki, kowa ya gani. Alƙalin ya miƙa hannu ya nuna raga, ya sake nunawa.

Fitila ta kama, ƙaho ya ɗauka, zauren gaba ɗaya ya juya ya dubi kujerun sama.

Da yawa ba su yi tunani ba, jiki ne ya saba. Ɗalibai suka fara kira: "Kifi! Kifi! Kifi!" Nolan ya ɓalle daga abokansa da suka rufe shi, ya ɗaga kai yana neman inda zai faɗo. Alƙalin ma ya ja gefe ya bar tsakiyar fili.

Arvo ya miƙe tsaye. Hannunsa ya shiga cikin kwat, ya fito da jiƙaƙƙiyar jarida da guntun zare.

Mai busa ƙahon bai ɗaga yatsa ba. Ya riƙe shi ya wuce yadda aka saba, ya ƙara riƙewa, yana jira. Kiran ɗaliban ya fara kakkaryewa, layi bayan layi, sa'ad da suka tuna. Ƙahon kaɗai ya rage.

"Ka ce masa ya bari," Verna ta faɗa a hankali.

Arvo ya ɗaga hannu wajen tagar mai ƙahon, ya girgiza kai. Ƙahon ya yi shiru.

Aka dawo tsakiya aka ci gaba da wasa, ba a jima ba aka tashi uku da ɗaya. 'Yan wasanmu suka taru a tsakiyar ƙanƙara suka ɗaga sandunansu ga 'yan kallo, aka tafa musu. Arvo ya tafa tare da kowa. Gerry ya dafa kafaɗarsa ya sauka.

Su ne kusan na ƙarshe da suka fita, saboda gwiwoyin Verna. A waje akwai sauran hasken rana, dusa ta rufe gilashin mota. Arvo ya tsaya a bakin ƙofar direba yana riƙe da makulli, bai buɗe ba.

"Kawo," in ji Verna. "Ni zan tuƙa."

Ya miƙa mata, ya zagaya ɗaya gefen.