Keken Inna Tela

"Miƙo min ita, 'yar nan, kafin ta tsaga mana rufi," in ji Inna Tela daga bakin ƙofata.

Na miƙa mata jaririyar ban ko ɗago kai ba. Sati shida ke nan da haihuwata, abinci ba ya min daɗi, hawaye sai su zubo ba wanda ya taɓa ni. Bango ɗaya ya raba ɗakina da na Inna. Ta goya yarinyar, ta hau keken ɗinkinta, kafin ka ce kwabo gidan ya yi tsit.

Wallahi haushinta nake ji. Ni na yi wata tara da ciki, ni na sha naƙuda, amma a hannuna 'yata sai ta sandare tana tsala ihu. A bayan tsohuwar da ba ta taɓa haihuwa ba kuwa, har da minshari. Kishi nake, ba na ɓoyewa. Na fara yarda 'yar ba ta so na.

"Ki je asibiti ki faɗa musu abin da kike ji," ta ce min wata rana, tana taka keke. "Ciwo ne, yana da magani."

"Ke ina kika san shi, Inna? Kin taɓa haihuwa ne?"

Keken ya tsaya, sannan ya ci gaba. "Ban taɓa ba," ta ce.

Na je asibitin, amma a ɓoye, don kada ta ji daɗi.

Da ƙafafunta suka kumbura ta kwanta, kwana huɗu ba a ji keke ba, ba kuma wanda ya huta da kukan 'yata. Rana ta biyar na leƙa ta da hantsi.

"Kawo min ƙawata."

Na ɗora mata ita a ƙirji. Yarinya ta callara ƙara, ta ƙi shiru duk lallashin Inna. Allah ya yafe min, wani sanyi na ji a raina.

Inna ta kalle ni, ta yi dariya har da tari. "Kin gani ko, sarkin kishi? Ba ni take so ba. Keke take so."

Washegari kafin azahar Inna ta cika.

Da masu gaisuwa suka watse, 'yata ta dasa kukanta. Na goya ta, na tura ƙofar Inna. Tabarau ɗinta na nan a kan keken, kusa da almakashi. Na zare zaren, na ɗage allurar, na sa ƙafa inda ƙafarta ta goge ƙarfen har yana sheƙi, na fara takawa.

Can na ji kan yarinyar ya yi nauyi a tsakiyar bayana. Ban daina takawa ba. A gefen keken akwai wata 'yar riga daidai jikin 'yata, saura hannu ɗaya.