Sarautar Tudun Casimiro

Ƙanin marigayiya matata, Casimiro, ko ruwan kwakwa ba ya ba baƙo. Gidansa na kan tudun da ke bayan gonakin ayaba, kuma talotalon da yake kiwo sun fi danginsa daraja a wurinsa.

Da rani masu haƙar kayan tarihi suka tona gefen tudun. Shugabarsu, Dakta Ximena, ta nuna mana daɓe bisa daɓe: duk wanda ya gaji gidan sai ya binne na ubansa ya gina nasa a kai, har wuri ya zama tudu. Ta ce gidan sarakunan farko na bakin tekun nan ne, tun kafin a san ƙabilar Maya.

Washegari Casimiro ya fito da kujera ƙofar gida ya harɗe.

"Malam Fidencio, daga yau in za ka gaishe ni, ka rusuna."

Na karanta labarin mutanen nan tun yana tallan mangwaro. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka san da me kakannin naka suka sami sarautar?"

"Da yaƙi mana."

"Da tukunya. Dubi tsingaron da ake tonowa, kusan duk na kwanon sha ne. Wanda ya fi ciyar da gari, shi ake bi."

Na ɗaga murya sosai, don masunta na wucewa.

Ran Lahadi, ana tashi daga coci, gari ya hau tudun, kowa da kwanonsa.

"Sarki, talakawa na jin yunwa!"

"Ranka ya daɗe, wancan mai jan wuyan ya isa yanka!"

Casimiro ya dubi jama'a, ya dubi akurki. Ya miƙe ya rungumi kujerarsa.

"Na sauka. Ku nemi wani."

Sai ƙamshi ya bugo daga bayan gida. Matarsa Remedios ta fito da ludayi a hannu.

"Ka sauka ina, maigida? Tun da safe na yanka biyu. Na gaji da kallon nama yana yawo a tsakar gida!"

Aka sauke ƙullin masara da aka turara a ganyen ayaba, aka zuba abin sha na cakulan mai kumfa. Rabona da in ƙoshi haka tun rasuwar matata Amparo. Casimiro ma ya ci, yana tambaya ta wane talotalon ce wannan cinyar.

Yanzu in an yi rigimar iyakar gona ko ta kwalekwale, wurin Remedios ake kai ƙara. Shi kuwa ana aikensa itace.