Ramin Da Aka Shafa Wa Jan Farce

Tun da Zakiya ta yi aure ta koma unguwar Madina, can wani gefen gari, injin ɗinkin wuyan riga na mahaifinta ya koyi rashin lafiya. Mako ba ya fita sai Baba Zulkarnaini ya kira ta daga shagonsa na unguwar Nima, wai injin ya daina jin maganar kwamfuta.

Ita ta haɗa masa su tun tana gida. Injin tsoho ne, bakin da ake soka masa waya irin na da ne, sai da wata 'yar waya mai kan USB yake haɗuwa da kwamfutar. Wayar kuwa ta araha ce: kowane rami aka soka ta, sai kwamfuta ta ba ta sabuwar lambar COM. Ita kuma manhajar ɗinkin, tsohuwa mai taurin kai, ba ta san lambar da ta wuce huɗu ba. Zakiya ta daidaita ramin hagu na kwamfutar a kan lamba uku, ta ce kada a taɓa.

Amma duk zuwan da za ta yi, sai ta tarar da wayar a wani ramin, lamba ta haura. Ta mayar, injin ya kama aiki. Baba ya aika a sayo koko da ƙosai, ya zaunar da ita yana ba ta labarin unguwa har la'asar.

Ta ɗauka idonsa ne ya yi rauni, abin ya dame ta ƙwarai. Sai ta shafa wa bakin ramin hagu jan farce, ja wur, wanda ko makaho zai lalubo. Ta kuma sayi waya mai kyau, wadda ke riƙe lambarta ko'ina aka soka ta, don tsohon ya huta da kira, ita ma ta huta da cunkoson motocin haya na trotro.

Ran Asabar ya sake kira. Ta zo da sabuwar wayar a jaka, ta same shi yana zura zare a allura ba ko tabarau. Ta duba kwamfuta: ga jan farce yana ƙyalli, ga waya can a ramin dama. A kan benci kuwa koko na jira, kofi biyu, an rufe da faranti tun kafin ta iso.

"Baba, wa ya cire wayar?"

Ya ce wataƙila wajen shara ne, yana kallon titi. Mutumin da bai taɓa riƙe tsintsiya ba! Tausayinsa ya kama ta. Tun rasuwar mahaifiyarta shi kaɗai yake karyawa.

Ta mayar da wayar ramin hagu, injin ya ɗau ƙara.

"Wannan karon ya gyaru ke nan?" ya tambaya a hankali.

Zakiya ta ja zif ɗin jakarta ta rufe, sabuwar wayar na ciki.

"Ina fa, Baba. Tsohon inji ne. Sai dai in riƙa leƙowa duk Asabar."