Hannun Bubayero

A daminar 1986 aka fara cewa Bubayero, dillalin shanu a Nguru, ya yi girman kai. In ka ba shi hannu, sai ya miƙo yatsu a sake, ba ya riƙewa.

Kunya ta hana shi faɗin abin da likita ya gaya masa a Gashua: jijiyoyin da ke motsa hannun ne suke mutuwa, amma zai ci gaba da jin taɓawa.

Abokansa suka koma yi masa sallama daga nesa.

Ranar kasuwa yana tsaye shi kaɗai, wata saniya ta lashi tafin hannunsa. Ya ji ɗumin harshenta sarai. Ya daɗe bai janye hannun ba.