Tsaga Biyu a Jikin Kik

Motar Yaya Umaru akori-kura ce, fara, ta tsufa tun kafin ta zo hannunmu. Shanu goma sha ɗaya Bappa, ƙanen mahaifinmu, ya kora kasuwa aka saye ta. Su ne ƙarshen garken gidanmu. Shi ya sa Yaya bai taɓa kallonta a matsayin ƙarfe ba. Shaidar shanunmu tsaga biyu ce a kunnen hagu. Ranar da motar ta iso Yelwa ya ɗauki magagari ya bi ta kaf, batir, jak, wili huɗu da na safaya, kik mai tayar da inji, kowanne ya yi masa tsaga biyu. Ya ce makanikai haka suke, su cire maka na asali su ɗaura jabu kana tsaye kana yi musu sannu.

Sunana Mamuda. Na gama sakandare a 1986, takarda biyu na ci. Ina bin Yaya muna ɗauko bandar kifi daga Wara, bakin tafki, zuwa Yelwa. Abu ɗaya nake so, in sake zama jarrabawa a Nuwamba. Fom naira arba'in. Sau uku na roƙe shi. Na ukun ya ce boko ya ci kuɗinsa sau ɗaya, ba zai ci na biyu ba.

Da damina kik ya fara gardama. A murɗa makulli ya ce kat, ya yi shiru. Wata biyu muna turi. Yaya ya koyi ajiye mota a gangare, in babu gangare ni ne gangaren. 'Yan dakon Wara tun suna turawa da dariya har suka koma juya baya in sun hango mu. Wata rana muka tura ta cikin laka har gwiwa, kwando biyu na kifi suka kife, ranar Yaya ya haƙura ya nufi garejin Ishaya.

Ishaya mai gyaran wayar mota ne, mutumin ƙasar Zuru, gajere, da furfura a gemu. Shekara ashirin yana ƙarƙashin wata bishiyar mangwaro a bayan tasha. Ya saurari kik ɗin sau biyu. Ya ce sabo yanzu ɗari biyu da sittin, bara ɗari ne, kaya sun haukace. Gyara kuwa arba'in, in cikin bai ƙone ba. Yaya ya yi ta zagin 'yan kasuwa da gwamnati da masu ƙera motar, Ishaya yana ta goge hannu da tsumma yana murmushi. A ƙarshe aka bar motar. Washegari Yaya zai tafi suna Shanga, sai ya ba ni arba'in ɗin ya ce in karɓo ta.

Na tarar da ita tana aiki. Murɗa ɗaya ta tashi. Na miƙa kuɗin, Ishaya ya ture hannuna. Ya ce cikin kik ɗinmu ya ƙone ƙurmus, sai an sake naɗa masa waya, kuma wayar sai Sakkwato. Ya ce ya ɗaura mana na tsohuwar motarsa da ta mutu, mu yi ta amfani da shi har Allah ya hore, tun da bai gyara komai ba ba zai karɓi komai ba.

“Amma ka gaya ma yayanka, ɗan boko,” ya ce. “Nashi na nan ƙarƙashin tebur. Na san Bafillace da abin da ya yi ma shaida.”

Na ce to.

Daga garejin ban nufi gida ba. Kafin azahar fom yana hannuna. Na naɗe shi a leda na sa cikin singileti. Da Yaya ya dawo ya tambaya ko an gyara, na ce an gyara. Ya tambaya ko ya karɓi arba'in ɗin bai nemi ƙari ba, na ce bai nema ba. Wannan dai gaskiya ce.

Kwana tara muka yi lafiya. A zuciyata na ce zan tara kuɗin lodi in mayar, in faɗa masa bayan an rufe sayar da fom. Ban tara ko sisi ba.

Rana ta goma muna Wara, an gama lodi da hantsi. Yaya ya murɗa, kik ya ce kat. Ya sake murɗawa ta tashi. Wani direban da tafiya zai yi. Shi sai ya kashe, ya sauka ya buɗe bonet, ya zura hannu can ƙasa yana lalube da ɗan yatsa, kamar yadda Bappa ke lalubar kunnen maraƙi. Ya daɗe. Ya fito da hannun, ya kwanta a ƙasa ya shiga ƙarƙashi ya duba da ido. Babu tsaga.

Tamada, wani ɗan kamasho mai jajayen haƙora, yana tsaye yana cin goro. Ya ce ai an gama da shi, na kamfani ya tafi Kwantagora tuni, wannan ɗan wata guda ne, kuma har arba'in ya biya aka yi masa fashin. Mutane suka yi dariya. Yaya bai yi ba. Ya rufe bonet a hankali. Ya ɗauko wil-sifana, ƙarfen kwance taya, daga bayan kujera ya ajiye tsakaninmu.

Daga Wara zuwa Yelwa tafiya ce mai nisa. Duk hanyar nan bakina yana hannuna. A Ngaski na buɗe shi, na ji ledar tana manne da fatata, na rufe. Na san Yaya. In na faɗa, fom ɗin zai fara nema, a gabana zai yayyaga shi. Na ce wa kaina cacar baki za su yi, Ishaya ya jawo kik ɗin daga ƙarƙashin tebur, magana ta koma kaina, amma wataƙila kafin nan na sami inda zan ɓoye ledar.

Bai kai kifin kasuwa ba. Kai tsaye gindin mangwaro.

Ishaya yana tsugune da wani batir a gabansa. Ya ɗago yana dariya, ya ce ɗan Fulani an tuna da shi ke nan. Yaya bai yi sallama ba. Da ƙafa ya fara, a ƙirji. Ishaya ya faɗa kan tebur, gwangwanin kusoshi ya watse. Ya yunƙura zai yi magana, Yaya ya naushe shi a baki. Na ji ƙarar haƙori.

“Ina kik ɗina, ɓarawo?”

Ishaya ya tofa jini. Bai dubi Yaya ba, ni ya duba. Kallon bai daɗe ba. Jira yake in yi magana. Ina tsaye jikin motar, hannuna a kan ƙirjina, a kan ledar.

Ishaya ya gane. Ya juya ya miƙa hannun dama ƙarƙashin tebur zai jawo kik ɗin da kansa. A ƙarƙashin teburin nan akwai guduma da guntayen ƙarafa, kowa ya sani. Yaya ya zaci makami yake nema. Ya take wuyan hannun da ƙafa ya sauke wil-sifana a kan yatsun. Sau ɗaya. Sau biyu. Na uku ne ya yi ƙara kamar an taka busasshen kara.

Ishaya bai yi ihu ba. Wani sauti ya fito masa ta hanci, ya dunƙule.

A lokacin na yi magana. Na ce kik ɗinmu na ƙarƙashin tebur, wannan nasa ne ya ara mana, bai karɓi kuɗi ba, kuɗin suna wurina. Da ƙarfi na faɗa, masu faci da mai shayi da suka taho a guje duk sun ji.

Yaya ya sunkuya ya jawo shi. Baƙi, a buɗe, wayar ciki ta narke. Ya shafa gefensa da babban yatsa. Tsaga biyu.

Ya ajiye shi a ƙasa. Ya taho wurina ba gaggawa. Mari na farko ya toshe min kunnen hagu, har yau ba ya ji sosai. Ya kama wuyana ya buga kaina da ƙofar mota, ya sake bugawa, gilas ya tsage. Na faɗi, ya bi ni da ƙafa a ciki da haƙarƙari. Ban kare kaina ba. Rigata ta yage, ledar ta fito. Ya ɗauka ya warware. Ba ya karatun boko, amma ya ga hotona a manne.

“Wanga ne?” ya ce. “Don wanga?”

Na jira ya yaga. Bai yaga ba. Ya jefa min a fuska, ya juya ya durƙusa gaban Ishaya yana kiran sunansa. Mutum huɗu suka janye shi, ɗaya ya fasa masa goshi da bakin bokiti, bai ko ɗaga hannu ba.

A motarmu aka kai Ishaya asibiti, a kan kwandunan kifi. Murɗa ɗaya ta tashi.

Yatsu uku suka karye, biyu ba su sake lanƙwasuwa ba. Yaya ya kwana goma sha biyu a hannun 'yan sanda. Bappa da dattawan su Ishaya suka zauna sau uku, aka sayar da motar, aka biya asibiti da abin da aka yanke. Wanda ya saye ta ya zo da nasa kik, aka mayar wa Ishaya nasa. Inna ba ta zage ni ba. Ta daina dai kiran sunana, in za ta ba ni tuwo sai ta ajiye a bakin ƙofa. Yaya ya koma kiwon shanun wani a ƙasar Shanga. Tun ranar bai yi min magana ba.

Da haƙarƙarina ya bar ni na miƙe, na je gindin mangwaro. Ishaya yana zaune da hannu a rataye, aiki ya taru, yana ƙoƙarin kwance noti da hagu, sifana na zamewa. Na tsaya. Ban iya ba shi haƙuri ba, kalmar ta yi min ƙanƙanta. Ya daɗe bai dube ni ba. Daga baya ya turo min sifanar da ƙafa. Na tsuguna na kwance notin. Haka muka fara, shi baki, ni hannu. Bai taɓa tayar da maganar ba.

Ranar jarrabawar farko Litinin ce. Na zo da sassafe da biro biyu da ledar a aljihu, yanzu katin jarrabawa ne a cikinta, da niyyar in share wurin in wuce. Na tarar ya ɗora tsohon kik ɗinmu a kan tebur, ga damin sabuwar jar waya da wani direba ya kawo masa daga Sakkwato. Ya san ranar. Duk tasha ta sani.

“Wanga aiki hannu biyu yake so,” ya ce. “In kana da wurin zuwa, tafi. Zai jira.”

Ya ɗauki bakin wayar da hagu, ya kai hannun dama zai riƙe, yatsun suka tsaya a miƙe. Wayar ta zame ta faɗi. Ya sunkuya ya ɗauka ya sake gwadawa.

Daga nan ana jin ƙararrawar makaranta. An buga ta farko ina tsaye. Da aka buga ta biyu ina zaune a kan benci, kik ɗin a tsakanin gwiwoyina, babban yatsana a kan tsagar nan biyu.

Ishaya ya ce in ja wayar da kyau, kada in bar ta ta yi sako-sako, kuma in ƙirga naɗin da baki don ya ji.