Rabon Iko Kafin Haihuwa

Likita ba ta yi min kwana-kwana ba. Ta ce jinina ya hau, in ina son abin da ke cikina ya zo da rai, to in ajiye aiki in kwanta. Na ce to. Amma ina fita na zarce ofis, don ni kaɗai ke riƙe da kalmar sirrin root, wato asusun da ke da iko da komai a babbar kwamfutar ɗakin gwajin jininmu. In ta tsaya, babu majinyacin da zai karɓi sakamako.

Oga ya ce ai abu mai sauƙi ne, in rubuta kalmar a manna a bango kowa ya gani. Na dube shi sama da ƙasa. Mutumin da in zai kashe kwamfuta sai dai ya fizge waya daga soket! Na ce wallahi ba da ni ba. Da wani umarnin kwamfuta da ake kira sudo zan raba ikon: kowa ya shiga da sunansa, ya yi abin da aka yarje masa kawai, injin kuma ya rubuta wanda ya yi.

Na ɗora kumburarrun ƙafafuna a kan kwalin takardu, na buɗe fayil ɗin izini da visudo, wanda ke tsayar da mutum in ya rubuta shirme. Anti mai karɓar jini na ba ta damar share layin firinta in ya cushe. Dogo, abokin aikina mai saurin hannu, na ba shi tayar da manhajar sakamako da kwafe bayanai. Na sa kowannensu ya gwada a gabana, har da abin da na hana shi, don in ga injin ya ƙi.

Saura babbar. Dole wani ya riƙe ikon komai, saboda matsalar da ban hango ba. Dogo ya gyara zama yana murmushi. Ina son Dogo har raina, shi ke ɗaukar min jaka a matakala, amma sai ya danna sannan yake karantawa. Na juya wajen Gardama, ɗaya ma'aikacin, wanda ni da shi ba ma ga maciji. Komai ka ce ya yi sai ya tambaye ka dalili.

"Ni? Ke da kike cewa ina da taurin kai?"

"Shi ya sa," na ce.

Ko godiya bai yi ba, ɗan rainin hankali. Ya sunkuya ya karanta fayil ɗin layi-layi, sannan ya ɗora yatsa a kan sunana. Ya ce ya san halina, ina kwance zan jawo waya in shigo in kama gyara, hutun ya tashi a banza.

Raina ya ɓaci, don gaskiya ya faɗa. Tsoro kuma ya kama ni. Ni na haɗa injin nan, na san tarinsa da atishawarsa. Na sa Gardama ya shiga da sunansa ya tabbatar ikonsa na aiki, ya canza kalmar root ba tare da na gani ba. Sannan na cije leɓe na goge layina, na adana.

A gida ban daɗe a kwance ba hannuna ya fara ƙaiƙayi. Maigidana na shiga wanka na jawo waya. Dubawa kawai zan yi, in ji ni. Na rubuta sudo, na sa kalmata. Injin ya ce babu sunana cikin masu izini, kuma zai kai rahoto.

Kafin in gama jin haushi saƙon Gardama ya shigo: "Na gani. Komai lafiya. Ki kwanta, Maman Biyu."

Na kife wayar, na yi kukana na ƙoshi, na ja bargo.