Tambayoyi Talatin a Shagon Suruki

Mahmuda ya sauko daga kabu-kabu a bakin kasuwar Dogondutsi da dabara, ƙafar hagu tukuna, sannan ya jawo ta dama a hankali kamar ta aro. Tun daga Kiyeshe, duk ramin da babur ɗin ya faɗa sai ya ji shi a gindin cinyarsa, inda kaluluwa ta fito masa sati biyar da suka wuce. Da farko ba ta fi ƙwayar gujiya ba. Yanzu ta kai ƙwan zabo, ga tauri, jiya kuma yana wanka ya laluba ya ji ta yi ƙanwa.

Wata bakwai ke nan da aka yi masa aiki a Yamai. Ciwon daji ne ya kama masa gaba, likitoci suka yanke abin da suka yanke, suka bar masa ɗan abin da zai yi fitsari da shi. Ban da matarsa Zalihatu, kowa a garin ya ɗauka aikin ƙaba aka yi masa. Ranar sallama likitan ya ja masa kunne: in ya ji kumburi a cinya, kada ya zauna da shi. Ya kuma ce duk wata za a aiko da tambayoyi ta salula, da amsoshinsa za su riƙa sanin halin da yake ciki. Salular Mahmuda irin mai tocila ce, Faransancinsa kuma bai wuce gaisuwa ba. Sai aka rubuta lambar Naziru, mijin 'yarsa Firdausi, mai shagon kayan salula.

Suruki fa! Mutumin da Mahmuda ko ruwa bai taɓa sha a gabansa ba.

Naziru na hango shi ya fito ya durƙusa. "Sannu da zuwa, Baba. An zaka lahiya?"

"Lahiya lau, Malam. Sun aiko?"

"Awo, tun da sahe."

Yadda suka saba, Mahmuda ya zauna a benci yana kallon hanya, Naziru ya tsugunna nesa kaɗan yana kallon salula. Kullum Naziru yakan ce suna tambayar jiki, Mahmuda ya ce da sauƙi, alhamdulillahi, sai babban yatsan Naziru ya yi ta danne-danne, a tashi. Yau kuwa Naziru ya ɗago da fara'a.

"Baba, albishirinka. Sun ce tunda wata shidda amsarka na da kyau, randebunka na Talata mai zuwa an ɗage shi. Sai bayan girbi."

Mahmuda ya ji wani sanyi ya sauko masa daga ƙeya har tafin ƙafa. Talatar nan ce ranar ganin likita, ita ya rataya ransa a kai. Sati biyar yana lallashin kansa cewa ya yi haƙuri, ranar ba sai ya buɗe baki ba, likita zai taɓa ya ji da hannunsa. Bayan girbi? Gero ko bunni bai yi ba. Tsoro ya kama shi sosai.

"Wa ya ce musu ina da kyau?"

"Kai ka ce, Baba."

Gaskiya ne kuwa, shi ya ce. Mara lafiya a ƙasar nan, ko ana ɗiga masa ruwa a baki da cokali, ka ce masa ya jiki, da sauƙi zai ce maka. Kowa ya san gaisuwa ce. Na'urar Yamai ce kaɗai ba ta sani ba, ta ɗauki maganar da gaske har sau shida.

Mahmuda ya dubi yatsan nan da ke bisa gilashin salula. Sai yau ya yi tunanin cewa amsa ɗaya ba ta bukatar dannawa da yawa haka.

"Tambayoyin ga, guda nawa na?"

"Talatin."

"Guda ɗai kake yi min."

Naziru ya sunkuyar da kai har haɓarsa ta taɓa ƙirji. "Sauran ba su karantuwa gabanka, Baba."

Hayaniyar kasuwa ta yi wa Mahmuda nisa. Ashe Naziru ya sani. Tun watan farko ya sani, yana durƙusa masa, yana yi masa sannu da ƙaba. Mahmuda ya so ƙasa ta tsage ya shige.

"Firdausi hwa?"

"Wallahi ko ita ban hwaɗa ma ba."

Mahmuda ya miƙe ba sallama. Taku uku ya yi, kaluluwar ta soke shi, ya dafa ƙofar shagon. Nan ya tuna wani Bafillace da suka yi maƙwabtakar gado a Yamai, wanda ya bar tasa har ta fashe. Ya tuna warin, da yadda 'ya'yan mutumin suke tsayawa daga taga su gaishe shi. Ya daɗe a tsaye, masu wucewa suna ratsa shi, kafin ya juyo ya shiga cikin shagon.

"Ruhe ƙohwa," ya ce.

Ranar kasuwa ce, ga masu saye biyu a tsaye, amma Naziru ya ba su haƙuri ya ja ƙofar ƙarfen. Ya ɗauki kujerarsa ya juya ta ga bango, ya zauna ya ba surukinsa baya. Mahmuda ma ya juya nasa bayan. Sai Naziru ya fara karantawa yana mayarwa da Hausa, muryarsa kamar ta mai karanta wasiƙar mutuwa.

"Kana samun barci?"

"Kaɗan."

"Hitsari na hita da zahi?"

"Ƙwarai."

"Kana gudun shiga mutane saboda jikinka?"

Mahmuda ya tuna rabonsa da sahun gaba a masallaci. "Awo."

Da aka zo kan sha'anin iyali, Naziru ya yi tari sau biyu, ya fara ya kasa.

"Babu," Mahmuda ya ce wa bango. "Wuce."

Zufa ta jiƙa masa riga. Kowace amsa sai ya ji kamar an tuɓe masa tufa ɗaya, amma bai tsaya ba.

"Ka ji wani kumburi ga gindin cinya?"

"Biyu. Guda ta kai ƙwan zabo. Sati biyar."

Ya ji kujerar Naziru ta motsa. Salular ta yi wata 'yar ƙara da bai taɓa jin ta yi ba.

"Ta yi ja, Baba," in ji Naziru. "Sun ce lokotoro zai kira kahin la'asar. Kak ka yi nisa."

Tsoron bai ragu ba, sai ma ya ƙaru, don yanzu abin ya tabbata, har Yamai an ji. Mahmuda ya ɗora hannu a kan cinyarsa ya ce ko sun ƙare.

"Saura guda." Naziru ya share hanci da gefen hannu. "Sun ce, akwai wanda kake iya hwaɗa ma abin da ke damunka?"

A waje wani yana buga ƙofa yana kiran mai shago, ba wanda ya amsa masa. Daga bayansa Mahmuda yana jin numfashin mijin 'yarsa, yana jira.

"Danna akwai," ya ce.